Filin Daga a Kan Ƙyaure

Daga Azare har Katagum, ka haɗa da Itas da Yana in kana so, ba a taɓa haihuwar mai hannu irina ba. Ba ni na faɗa ba, mutane ne suke faɗa, ni dai ina tuna musu ne idan sun manta. Tela ne ni, shagona na nan bakin kasuwar Azare, kuma in na hango mutum daga nesa to na gama awonsa, tef ɗin da ke wuyana ado ne kawai. Akwai dai wani alhaji da har yau yake yawo yana cewa na ɗinka masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma duk wanda ya lura da tafiyarsa ya san laifin ƙafar ne.

Shi ya sa ranar da na dafa ƙirji a tsakar gidan Kawu na ce zan gina masa filin daga guda, da ramukansa da sojojinsa, ɗan ƙarami yadda za a ɗora shi a kan tebur, ko ɗar ban ji ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, yana zaune a Katagum, unguwar da ke gangarawa wajen kogi. Tsohon soja ne. Ya je yaƙin basasa yana saurayi, Allah ya dawo da shi da ƙafafunsa, ya kama noma da kamun kifi har ƙarfi ya ƙare. Yanzu idon ya yi hazo, da murya yake gane mutum, abu kuwa sai ya shafa. Labari ɗaya gare shi, labarin rami. Yadda suka haƙa shi da hannunsu can kudu, suka zauna a ciki wata da watanni, a ci a ciki, a yi salla a zaune a ciki, a yi gyangyaɗi a tsaye ruwa na shiga takalmi.

Da ƙaramar salla ne abin ya faru. Mun taru a gidansa kamar yadda muka saba, jikoki sun cika tabarma, ya ɗauko labarin. Ka san wasan jika da kaka, ba a yi masa shinge. Babbar jikarsa, wadda ke karatun aikin jinya a nan Azare, ita ce amaryarsa ta wasa, kuma bakinta ya fi almakashina kaifi. Ta bari sai da ya kai wajen ruwan, sannan ta ce, "Tsaya angona. Bara ka ce ruwan iya gwiwa. Bana ya kai ƙugu. Baɗi sai mu zo da kwalekwale."

Aka kwashe da dariya. Ƙanenta ya ce, "Mutum ya yi wata a rami kamar gafiya? Ai yanzu mun gane inda Baba Tela ya gaji ƙarin gishiri."

Ni ne Baba Telan, kuma dariyata ta fi ta kowa ƙara, don na ɗauka yabo ne. Amma Kawu bai rama ba, shi da kullum yake da amsa a aljihu. Ya laluba ya nemi butarsa ya tashi. Da na bi bayansa zan yi masa sallama, sai na ji yana ce wa Inna, matarsa, "Na daina. Tunda tatsuniya suka ɗauke shi, zan tafi da abina."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Na shiga na durƙusa na ce, "Kawu, kafin babbar salla zan kawo maka ramin nan har gida. Su gani da idonsu, su taɓa da hannunsu."

Ya juyo wajen muryata ya ce, "Kai da ko kwatar gidanka ba ka taɓa haƙawa ba?"

"Ita kwata ai ba ta buƙatar basira, Kawu."

Na tambaye shi zurfin ramin, ya ce ya shanye mutum a tsaye. Na ce a miƙe yake kamar kunyar gona? Ya ce wane irin miƙewa, lanƙwasa yake yi kamar maciji, don in abu ya faɗo a wannan kwana kada ya kwashe na wancan kwanar. Ya ce buhunan yashi a baki, taɓo a ƙasa, taɓon da ba ya bushewa. Ya buɗe baki zai ƙara, na ce, "Bar sauran Kawu, mai hannu ya gane." Sauran kuwa a waya na neme shi. Na samu tsofaffin hotuna na yaƙin Turawa, baƙi da fari, fili ƙwal babu ko ganye ɗaya, sai laka da waya mai ƙaya. Na ce yaƙi ai yaƙi ne, rami kuma rami ne.

Na fara da tsohon ƙyauren ɗakin girkinmu, wanda na daɗe ina alkawarin gyarawa. Maiɗakina ta fito ta ga na kwantar da shi a kan bulo a inuwar darbejiya, ta ce, "Alhamdulillahi, yau Malam ya tuna da ƙofa."

Na ce, "Ba ƙofa ba ce yanzu, filin daga ce."

Ta dube ni, ta dubi ƙyauren, ta ce, "To Allah ya ba mai gaskiya sa'a," ta koma wajen tukunyarta.

Laka kuwa ba ta ko'ina na yarda da ita ba. Sai da na koma Katagum na ɗebo ta bakin kogi, mai danƙo, irin wadda in ta kama takalminka sai dai ka yi masa addu'a. Na shimfiɗa ta a kan ƙyauren, kaurinta ya kai taƙi, na haƙa ramin da cokalin shayi, na lanƙwasa shi yadda Kawu ya ce. Ya yi kyau har na kira maƙwabta. Washegari da rana ta buga shi, sai ya tsattsage kamar dunduniyar manomi. Nan na tuna abin da kowane ɗan ƙasar nan ya sani tun yana wasan ƙasa: ba a kwaɓa ƙasar gini zalla, sai an zuba mata ƙaiƙayi ya riƙe ta. Na aika aka ɗebo mini ƙaiƙayin gero rabin buhu daga wajen matan da ke sussuka a bayan layinmu. Na farfashe ginin farko, na jiƙa, na zuba ƙaiƙayi ba tausayi, na tattake da ƙafa ina waƙa. Wannan karon ya bushe sumul, ko tsaga ɗaya babu. Na ce wa maiɗakina da Turawa sun san sirrin ƙaiƙayi da yaƙinsu bai daɗe haka ba.

Sai maganar awo, wadda ita ce sana'ata. Na yanke cewa kowane soja tsawon yatsana na tsakiya zai yi, komai kuma da shi za a auna. Faɗa ne da sauƙi. Buhunan yashin da na fara ɗinkawa da ƙyallayen kaki, da na ajiye ɗaya kusa da soja, maiɗakina ta leƙo ta ce, "Wannan buhu ne ko katifarsa?" Na warware na sake, ƙanana kamar ƙwayar wake, ina cusa musu yashi da tsinke. Na ɗinka buhunan da in aka jera su za su kai Itas su dawo. Idona har yau bai yafe mini ba.

Sojojin da yumɓu na gina su, na gasa a rushin murhu. Rukunin farko duk kawunansu suka fashe, fas fas, har maiɗakina ta yar da muciya ta yi waje tana salati. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, atisaye ne. Rukuni na biyu suka fito lafiya, sai dai duk sun yi kama da ni, da ɗan tumbinsu. Na ɗinka wa kowa riga da wando, har da aljihu, don ba zan bari a ce sojan da ya fito daga hannun tela yana yawo ba aljihu ba. Hular kwano kuwa rabin ɓawon gyaɗa ne, na shafa masa koren fenti. Bindiga tsinken ashana, tsani tsinken tsire, katakon da ake takawa a ƙasan rami sillen kara na fere. Maƙwabcina, mutumin kudancin Bauchi da ke aiki a ofishin ruwa, yana dawowa daga coci ran Lahadi ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga gida ya fito mini da wata matacciyar fanka. Muka kwance siririyar wayar cikinta muka murɗe ta, muka yi mata ƙaya. Shi ma daga ranar ya kamu, kullum da yamma sai ya zo duba lafiyar dakaru.

Abokan gaba na gaskiya kaji ne. Wata kaza mai wake-wake ta kai hari da hantsi, ta tsince hulunan runduna guda, ta tafi da kwamanda a baki. Na bi ta har zaure ina ihu, jama'ar da ke wucewa suka ɗauka ɓarawo ne.

Kada ka manta duk wannan ana cikin ɗinkin babbar salla ne, lokacin da tela ba ya ɗaga kai ko sunansa aka kira. Ni kuwa rabin yinina yana gida wajen rami. Masu kaya suka fara sintiri. Wani alhaji ya gaji da zuwa shago ya biyo ni gida, ya tarar da ni a tsugune ina kafa wa sojoji tanti. Ya ƙura wa tantin ido ya ce, "Malam, wannan ba shaddata ba ce?"

Na ce, "Ragowa ce Alhaji, ragowa."

"Ragowar rigar da ba a yanka ba?"

Na zaunar da shi na nuna masa inda ake harbi da inda ake dafa abinci, na ba shi soja ɗaya ya riƙe. Bai tashi ba sai da aka kira azahar, kuma yana fita yana ba ni shawarar inda ya kamata a ƙara buhu.

Ana saura kwanaki salla na gama. Muka ɗora ƙyauren a bayan a-kori-kura, na zauna kusa da shi na rungume, duk ramin da motar ta faɗa sai na ji a haƙarƙarina. Muka isa Katagum lafiya, soja biyu ne kawai suka suma. Na sa aka ajiye shi a bayan ɗakin Inna inda yara ba sa zuwa, na kafa masa gidan sauro saboda kaji. Saura abu ɗaya: Kawu ya ce taɓon ba ya bushewa, nawa kuwa ya bushe ƙamas. Na ɗebo ruwa na yayyafa ko'ina har ƙasar ta yi laushi, cikin ramin ya yi caɓal yadda ake so. Sannan na ja Inna gefe na ce, "Inna, amana zan bar miki. Safe da yamma ki riƙa yayyafa masa ruwa, kada ki bari ya bushe. Kuma kada kowa ya gani, har Kawu, sai na zo."

Ta ce, "Safe da yamma. An gama."

Na koma Azare na faɗa kan keken ɗinki, na biya bashin ɗinkin mutane da ƙyar da addu'a.

Washegarin salla na iso Katagum cikin babbar riga, gida ya cika, ƙamshin suya har waje. Inna ta tare ni da fara'a ta ce, "Ɗan nan, aikinka ya yi kyau. Ya yi albarka ma." Na ce ai dama, Inna, hannu ne. Ta riga ta sa samari sun ɗauko shi sun ajiye a tsakar gida, ta lulluɓe shi da tsohon zane. Aka zaunar da Kawu a kujerarsa, jikoki suka kewaye, amaryar wasan tana gaba ta harɗe hannu.

Na yi jawabi. Ba zan maimaita shi duka ba, amma na ce abin da za su gani ko a Kano babu irinsa, na ce duk mai raunin zuciya ya matsa baya, na ce wanda ya yi dariya da ƙaramar salla ya shirya kuka. Sannan na kama bakin zanen na fizge.

Kore shar.

Gero ne. Ya tsiro ko'ina, a bakin rami, a tsakanin buhuna, a cikin waya mai ƙaya, ya ɗaga tantin shaddar Alhaji ya karkatar da shi. Ya yi tsawon da ya shanye sojojina gaba ɗaya, sai ka leƙa sosai za ka hango hular gyaɗa nan da can. Duk ƙwayar da ta ɓuya a cikin ƙaiƙayin nan ta samu lakar bakin kogi, ta samu ruwa safe da yamma, ta ce bismillah.

Sai gidan ya fashe da dariya. Amaryar Kawu har da zama a ƙasa. Ta ce, "Baba Tela, yaƙi aka yi ko noman rani?"

Na juya wajen Inna na ce, "Inna, ba ki ga yana tsirowa ba?"

Ta ce, "Na gani mana, har daɗi na ji. Ka ce in ba shi ruwa safe da yamma. Abin da ake ba ruwa safe da yamma ai shuka ce. Akuya ma sau nawa ina korar ta."

Ba kunyata ce ta dame ni ba, na saba da ita, mun daɗe tare. Abin da na gani shi ne na zo in gyara wa tsoho magana, na ƙara mayar da ita abin dariya. Na tattare hannun riga na duƙa zan fara tugewa.

Kawu ya ce, "Me ake wa dariya? Ku matso da ni."

Aka ja kujerarsa. Ya miƙa hannu yana lalube, yatsunsa suka faɗa cikin ramin, suka bi kwana ta farko, suka bi ta biyu. Ya dangwalo taɓon ya murza. Sannan hannun ya hau baki, ya shiga cikin geron. Ya tsaya. Ya shafa shi a hankali, ya koma ya sake shafawa, kamar mai shafa kan jariri.

"Kada wanda ya taɓa," in ji shi. "Wa ya gaya maka maganar ciyawar?"

Na janye hannuna daga geron.

Ya ce, "Haka take. Wallahi haka take. Ta fi mutum tsawo. Mu da muka tashi a nan, inda za ka hango mai zuwa tun yana ɗan ɗigo, aka kai mu inda ba ka ganin abin da ya wuce tsawon hannunka. Ka sare ta, kwana kaɗan ta dawo. Ba harbin ne ya fi ba mu tsoro ba, motsinta ne. Tana motsi, ba ka sani ba iska ce ko mutum."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce wa jikar tasa, "Ke amarya, sauko. Sa idonki daidai kan sojan nan, ki gaya mini abin da kika gani."

Ta durƙusa da kwalliyar sallarta, ta kwantar da kumatu a gefen ƙyauren, ta rufe ido ɗaya. Ta daɗe a haka. Ta ce, "Kaka, ai ba a ganin komai."

"To a nan muka zauna."

Ba ta tashi ba. Daga nan inda take ta ce, "To in ba kwa gani, ta yaya kuke sanin an zo?" Ya ce da kunne, kuma wani abokinsa ɗan wajen Binuwai ne ya koya masa, don shi a cikin irin ciyawar ya girma, yana bambance tafiyar iska da ta mutum. Ƙanenta, mai maganar gafiya, ya ture ta ya sa nasa idon, ya ce ina suke samun ruwan sha. Wani ya ce macizai fa. Wata ƙarama ta ce a ina yake ajiye takalminsa in zai yi salla. Yara suka yi layi, kowa sai ya kwanta ya leƙa ta cikin geron, ya tashi da laka a kumatu da tambaya a baki. Kawu kuwa ya miƙe zaune, muryarsa ta dawo, yana nuna kwana da yatsa: nan mai gadi yake tsayawa, nan suka ɓoye garin kwaki ruwa ya cinye, nan abokin nan nasa ya faɗa taɓo har wuya aka ciro shi ba wando. Ya faɗi abubuwan da ni kaina ban taɓa ji ba, Inna ma ta ce wasu yau ta fara jin su. Da aka zo wajen ruwa, amaryar ta ce, "Tsakani da Allah, gwiwa ko ƙugu?" Ya ce, "Farkon damina gwiwa, tsakiyarta ƙugu, ke kuma da kina nan da sai an ɗaga ki sama kamar buhun gari." Aka yi dariya, shi ma yana yi har da tari. Naman da ke kan wuta sai da ya kusa ƙonewa, don masu suyar duk sun taho kallo.

Da na ga iska ta juya, sai na gyara zaman hulata, na saki hannun riga. Maƙwabta sun fara shigowa, labari ya zaga unguwa. Na tsaya kusa da ƙyauren ina yi musu bayani. Na ce wannan ciyawa da suke gani lissafi ne, sai da na auna kwanakin tsiro da ranar salla, na zaɓi irin geron da tsawonsa zai dace da tsawon soja, aikin da ba kowane kai ne zai ɗauka ba.

Kawu ya ce, "Tela."

"Na'am, Kawu."

Yana riƙe da soja ɗaya, yana juya shi a tsakanin yatsunsa.

"Hular nan ta yi faɗi. Bindigar ta yi gajarta. Kuma a cikinmu babu mai tumbi. Duk abin nan ciyawar ce kaɗai ta yi daidai, ita kuwa ba kai ka sa ta ba."